Da ita ake haihuwar mutum ko koyonta ake yi? Fashin baƙi kan asalin sha'awar jinsi

Me ya sa mafi yawan maza ke sha'awar mata, mafi yawan mata ke sha'awar maza, amma ake samun 'yan ƙalilan da zuciyarsu ta karkata ga jinsinsu? Duk lokacin da wata majalisa ta ɗauko dokar da ta shafi auren jinsi, ko wata kotu ta yanke hukunci a kai, sai shafukan sada zumunta su rabu gida biyu. Wasu su ce haka aka halicce su, babu yadda za su yi. Wasu su ce ƙarya ce, koyo ne da lalacewar tarbiyya, duk wanda ya ga dama yau zai bari. Kowane ɓangare yana jingina da kimiyya, amma da wuya ka ga wanda ya zauna ya duba abin da masu binciken suka samu.

An fi shekara ɗari ana wannan bincike, kuma abin da ya fito bai yi wa kowane ɓangare daɗi ɗari bisa ɗari ba. Ina ganin ya kamata a san shi, ko da mutum yana da tsayayyen matsayi na addini a kan lamarin, domin rashin sanin ya sa an zalunci mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, iyaye mata a sahun gaba.

Abu uku da ake cakuɗawa

Kafin a nemi dalili, sai an san abin da ake nema wa dalilin. Akwai sha'awa: wanda ido ke bi, wanda zuciya ke bugawa dominsa, wanda ke zuwa a mafarki, shekara da shekaru. Akwai aiki: wanda mutum ya kwanta da shi a zahiri. Sannan akwai sunan da mutum ke kiran kansa da shi. A wurin yawancin mutane ukun nan tafiyarsu ɗaya, shi ya sa ba a lura da bambancinsu. Amma sukan rabu. Fursunan da ya shekara goma bai ga mace ba zai iya aikata abin da bai taɓa sha'awa ba, ya fito ya koma ga matarsa bai sake waiwaya ba. Wani don kuɗi yake yi. A ɗaya gefen kuma ga magidanci mai 'ya'ya wanda bai taɓa kusantar namiji ba, amma tun balagarsa ya san inda zuciyarsa ta karkata, yana ta danne ta shi kaɗai. Idan masana suna maganar asali, karkatar sha'awar ita kanta suke nufi. A yawancin musun da ake yi kuwa, wannan yana magana kan aikin, wancan yana magana kan sha'awar, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya take gaskiya.

Karkatar ta wuce kashi biyu. Akwai masu sha'awar maza da mata duka, akwai waɗanda ba sa jin sha'awar kowa. Wani nazari da aka yi da bayanan Birtaniya a 2004 ya sami kusan kashi 1 cikin 100 a wannan rukuni. Duk wannan kuma daban yake da mata-maza, wato wanda aka haifa da jikin da bai tsaya sak a kan namiji ko mace ba, daban yake da wanda ke jin jinsin da aka haife shi da shi ba nasa ba ne.

Mutum nawa ake magana?

Alfred Kinsey, wani malamin jami'a a Amurka, ya tambayi dubban mutane sirrin kwanciyarsu. Ya fitar da sakamakon maza a 1948, na mata a 1953, ya jera mutane a kan ma'auni daga 0 zuwa 6, daga mai sha'awar ɗaya jinsin kaɗai zuwa mai sha'awar jinsinsa kaɗai. Daga aikinsa aka samo zancen nan na “ɗaya cikin goma” da har yau ake yawo da shi. Sai dai mutanen da ya tambaya ba sa wakiltar al'umma, domin fursunoni da masu kawo kansu sun yi yawa a ciki. Da aka yi tsararren bincike a Amurka a 1994, kashi 2.8 cikin 100 na maza da kashi 1.4 na mata ne suka kira kansu masu sha'awar jinsinsu ko na jinsi biyun. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kashi 3.2 na 'yan shekara 16 zuwa sama ne suka faɗi haka, kashi 7.5 kuma ba su amsa tambayar ba.

A Amurka adadin ya hau. Kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup ya sami kashi 3.5 a 2012, ya sami kashi 9.3 a 2024, a lissafin da ya haɗa har da masu sauya jinsi. Wasu sun ce ga hujja nan cewa yayi ne. Wasu sun ce tsoro ne ya ragu, masu ɓoyewa suka fito. Abin da ya kamata a lura shi ne fiye da rabin waɗannan mutane masu cewa suna sha'awar jinsi biyun ne, galibinsu matasa, mata sun fi yawa. Masu sha'awar jinsinsu kaɗai har yanzu 'yan tsiraru ne. Wato zamani yana da ƙarfi sosai a kan sunan da mutane ke ɗauka da abin da suke yarda su faɗa.

Lokacin da aka ɗora wa uwa laifi

A rabin farko na ƙarni na 20, likitocin ƙwaƙwalwa sun bi Sigmund Freud, shahararren likitan Ostiriya mai nazarin halayyar ɗan Adam, wajen neman dalilin a cikin gida. Shi kansa Freud, a wata wasiƙa da ya rubuta wa wata uwa Ba'amurkiya a 1935, ya ce ba za a lissafa abin a matsayin cuta ba, ko da yake ya ɗauke shi tsayawar girma ce a wani mataki. Almajiransa sun zarce shi. A 1962 Irving Bieber ya fitar da nazari kan maza 106, ya ce asalin matsalar uwa ce mai kankane ɗanta da uba mai nisa da shi. Wannan magana ta shiga duniya, har yau ana maimaita ta. Amma dukkan mutanen Bieber masu zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa ne da ma. Wanda ya nemi labarin iyali a ɗakin jiran likita, iyalai masu damuwa zai samu.

Wata mata, Evelyn Hooker, ta bi wata hanyar a 1957. Ta samo maza 30 masu sha'awar maza waɗanda ba sa jinyar komai, da maza 30 masu sha'awar mata daidai da su a shekaru da ilimi da kaifin basira. Ta yi musu gwajin da likitoci suka fi amincewa da shi a lokacin, wanda ake nuna wa mutum ɗigon tawada a takarda ya faɗi abin da yake gani. Ta cire sunaye, ta miƙa wa ƙwararru amsoshin, ta ce su ware mata wane ne wane. Ba su fi mai canki-canka ba, kuma ba su ga rukuni ɗaya ya fi ɗaya taɓin hankali ba.

A watan Disamba na 1973 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sha'awar jinsi daga jerin cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Masu suka suna cewa matsin lambar 'yan fafutuka ne ya jawo haka, kuma gaskiya ne an yi zanga-zanga a tarukan ƙungiyar kafin nan, har sai da aka kaɗa ƙuri'a a 1974, kashi 58 cikin 100 suka goyi bayan cirewar. Amma gaskiya ne kuma cewa shigar da ita jerin tun farko bai tsaya a kan ingantaccen bincike ba. A 1981 wani babban nazari na cibiyar Kinsey, wanda aka yi hira da mutane kusan 1,500, bai sami wani tasiri mai ƙarfi na halin uwa ko uba ba. Abin da ya fi fitowa shi ne da yawansu tun suna yara sun bambanta da sa'o'insu a wasa da ɗabi'a. Wannan ya buɗe wata fahimta: mai yiwuwa nisan uban ya biyo bayan bambancin da ya gani a ɗansa ne. Ba kowane yaro mai irin wannan ɗabi'a ne yake tashi da sha'awar jinsinsa ba, kuma da yawa daga masu ita ba su taɓa nuna alamar komai suna yara ba.

Tagwaye da ƙwayoyin gado

Hanya mafi tsufa ta gane ko abu gado ne ita ce tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan dukkan ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Waɗanda suka fito daga ƙwai biyu rabi suka haɗa, kamar sauran 'yan'uwa. Idan abu gado ne tsantsa, duk inda Hassan yake da shi dole Husaini ma yana da shi, muddin ƙwai ɗaya ne.

A 1991 Michael Bailey da Richard Pillard suka sami cewa idan ɗaya daga tagwayen ƙwai ɗaya mai sha'awar maza ne, a kashi 52 cikin 100 ɗan'uwan ma haka yake. A tagwayen ƙwai biyu kashi 22 ne, a 'yan'uwan riƙo kashi 11. Matsalar ita ce ta hanyar talla a mujallu suka samo mutanen, kuma tagwayen da suka yi kama a wannan hali sun fi saurin amsa kira. Da Bailey ya sake da rajistar tagwaye ta ƙasar Ostireliya a 2000, sai adadin ya sauko zuwa kashi 20 a maza, 24 a mata. Wani bincike na ƙasar Suwidin kan tagwaye biyu-biyu sama da 3,800 ya ƙiyasta cewa gado yana bayyana kusan kashi 34 zuwa 39 na bambancin da ke tsakanin maza, kusan kashi 18 zuwa 19 a mata.

A nan ne mutane ke yin tuntuɓe. Sai wani ya ce, to ai shi ke nan, ragowar kashi sittin da wani abu tarbiyya ce. Binciken bai ce haka ba. Masana suna raba muhalli gida biyu: wanda tagwayen suka yi tarayya a kai, kamar iyaye da gida da makaranta, da wanda kowa ya samu shi kaɗai. A binciken Suwidin, muhallin tarayya a maza bai bayyana komai ba, a mata kusan kashi 16 zuwa 17. Babban kason ya tafi ga muhallin kaɗaici, wanda ya haɗa da abin da kowane ɗan tayi ya samu a cikin mahaifa, da 'yan sauye-sauyen da ke faruwa yayin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, da abubuwan da suka same shi bayan haihuwa. Misali mafi kusa shi ne bahago. Ba wanda ya zauna ya zaɓi hannun hagu, amma sau da yawa a tagwayen ƙwai ɗaya ɗaya bahago ne ɗaya ba haka ba. Abu yana iya zama ba zaɓi ba, kuma ba rubutacce ne kaf a ƙwayar gado ba. Kwatancin a kan dalili kaɗai ya tsaya.

Sai batun “ƙwayar luwaɗi” da jaridu suka yayata. A 1993 Dean Hamer ya duba 'yan'uwa maza biyu-biyu har 40, dukkansu masu sha'awar maza, ya ga 33 daga ciki sun yi tarayya a wani yanki da ake kira Xq28 na kuromosom X, wato wani ƙunshin ƙwayoyin gado da namiji ke gada daga uwa. Wani bincike a Kanada a 1999 bai sami haka ba. Wani mafi girma daga baya ya sake ganin alamarsa. Sai a 2019 Andrea Ganna da abokan aikinsa suka fitar da mafi girman bincike a wannan fage, da bayanan mutane kusan 477,000 daga Birtaniya da Amurka. Suka sami wurare biyar a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da lamarin, amma biyar ɗin a haɗe ba su bayyana ko kashi 1 cikin 100 ba. Idan aka tara dukkan ƙananan bambance-bambancen da aka auna, suna bayyana tsakanin kashi 8 zuwa 25. Ma'ana, babu ƙwaya guda. Dubbai ne, kowace da ɗan ƙanƙanin tasiri, kuma suna warwatse cikin dukkan mutane. Babu gwajin jini ko na yawu da zai faɗa maka inda sha'awar jariri za ta karkata. Shi ma wannan bincike yana da iyaka: tambayar da aka yi ita ce ko mutum ya taɓa kwanciya da jinsinsa, wato aiki aka auna, kuma kusan duk mutanen asalinsu Turawa ne.

Akan tambaya, in da gado a ciki, me ya hana ya ƙare tun da masu shi ba su cika haihuwa ba? Ɗaya daga amsoshin ta fito daga Italiya a 2004, inda aka ga mata 'yan'uwan irin waɗannan maza ta wajen uwa sun fi haihuwa da yawa, wato ƙwayoyin da ke rage zuriya a jikin namiji suna iya ƙara ta a jikin mace. Hasashe ne mai ma'ana, ana ci gaba da gwada shi.

Wata tara na ciki

A ganina hujjojin da suka fi nauyi suna nan. Tun 1959 masu bincike a Jami'ar Kansas suka yi wa ɓerayen masar masu ciki allurar testosteron, sinadarin da ke gina siffar namiji. 'Ya'ya matan da aka haifa, da suka girma, sai suka riƙa yin irin na maza wajen barbara. Daga nan aka gane cewa sinadarin yana tsara ƙwaƙwalwa tun a ciki, kafin ya dawo ya tashe ta a lokacin balaga. Shi ya sa auna jinin babban mutum ba ya nuna komai: a matsakaici, maza masu sha'awar maza ba su gaza sauran maza testosteron ba, kuma ƙara musu shi ƙarfin sha'awar yake ƙarawa, ba ya juya ta.

Ba a yin irin wannan gwaji a kan mutane, amma akwai abin da ke faruwa da kansa. Wasu 'yan mata ana haifarsu da wata larura ta ƙullutun da ke saman ƙoda, wadda ke sa jikinsu ya sha sinadarin maza da yawa tun a ciki. Idan sun girma, masu sha'awar mata a cikinsu sun fi na sauran mata yawa. Duk da haka mafi yawansu maza suke sha'awa. Sinadarin yana turawa, bai yanke hukunci shi kaɗai ba.

A tumaki, kusan kashi 8 cikin 100 na raguna, ko an ajiye musu tunkiya a shirye, rago suke bi. Charles Roselli na jihar Oregon ya nuna a 2004 cewa wani ɗan curi a can ƙasan ƙwaƙwalwarsu ya kai kusan rabin na sauran raguna ne kawai. Kafin shi, a 1991, Simon LeVay ya duba ƙwaƙwalwar gawa 41 ta mutane, ya ga makamancin wannan curi ya fi ƙanƙanta a maza masu sha'awar maza. An soki aikinsa saboda ƙarancin adadi, da kuma cewa mazan 19 da ya dogara da su cutar ƙanjamau ce ta kashe su. Shi kansa ya ce bai tabbatar da cewa da hakan aka haife su ba.

Akwai wani abin mamaki da aka yi ta samu a ƙasashe daban-daban tun da Ray Blanchard da Anthony Bogaert suka bayyana shi a 1996: kowane yaya namiji da ya riga mutum fitowa daga cikin uwa ɗaya yana ƙara wa namiji yiwuwar sha'awar maza da kusan kashi ɗaya bisa uku. A 2006 Bogaert ya nuna cewa yayyen da aka haɗa uwa da su ne ke da tasirin ko ba a tashi tare ba, 'yan riƙo da agololi kuma ba su da shi ko an tashi ɗaki ɗaya. Wannan ya nuna mahaifa. Bayanin da aka fi karɓa shi ne garkuwar jikin wasu iyaye mata tana ɗaukar wasu sinadaran ɗan tayi namiji a matsayin baƙi, tana ƙara martani da kowane ciki, kuma wani bincike na 2017 ya sami ƙarin irin wannan garkuwa a jinin iyayen. Kada wannan ya sa wani ya fara kallon autansa da zargi. Ƙarin kashi ɗaya bisa uku a kan 2 cikin 100 bai kai 3 cikin 100 ba. Ko mai yayye maza biyar, mafi rinjayen yiwuwa mata zai yi sha'awa.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai mai ɗaci ce. Daga shekarun 1960 zuwa wajen 2000, wasu likitoci sun yi imani cewa tarbiyya ce ke yin komai, don haka jarirai maza da aka haifa da naƙasar gaba, ko suka rasa ta a hatsarin tiyata, sai a yi musu aiki a rene su a matsayin mata. Suna na mata, tufafi na mata, kowa yana kallonsu mata. Wani babban bita na 2016 ya tattara bakwai daga cikinsu da aka san inda sha'awarsu ta karkata bayan sun girma. Dukkansu mata suke sha'awa. Bakwai ba yawa ba ne, amma idan renon yaro a matsayin mace tun yana jariri bai juya shi ga maza ba, da wuya a ce shagwaɓar uwa ko zama cikin 'yan'uwa mata ce za ta yi.

Koyo, abokai da fyaɗe

To ina matsayin masu cewa wani ne ya koya masa? Yawancin mutane, kowace irin karkata gare su, suna tuna fara jin wani ya burge su tun wajen shekara 10, kuma masu sha'awar jinsinsu galibi sun san da ita shekaru kafin su taɓa kusantar kowa. Abokai da intanet da wuraren da aka killace jinsi ɗaya suna iya jan mutum ga aiki, wannan ba a musu. Abin da ba a samu hujjarsa ba shi ne suna dasa dawwamammiyar sha'awa inda babu ita.

Batun fyaɗe yana buƙatar natsuwa. Bincike da dama sun nuna masu sha'awar jinsinsu sun fi ba da labarin an ci zarafinsu suna yara. Wani nazari a Amurka da ya bi yaran da kotu ta tabbatar an ci zarafinsu har tsawon shekara 30 ya ga mazan cikinsu sun fi faɗin sun taɓa kwanciya da namiji, bai ga haka a matan ba. Masana sun rabu a kan fassarar. Wasu suna ganin cin zarafin yana rikita wasu yaran. Wasu suna nuna cewa yaron da ya bambanta da sa'o'insa, aka ware shi, shi mugu ya fi hari, don ya san ba shi da mai tsaya masa. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne mafi yawan waɗanda aka yi wa fyaɗe ba sa tashi da sha'awar jinsinsu, kuma mafi yawan masu ita ba a taɓa yi musu ba. Yaron da aka zalunta, a kuma ce masa ya lalace ke nan har abada, an zalunce shi sau biyu.

Haka kuma sha'awar manya 'yan jinsi ɗaya daban take da lalata da yara. A wani asibitin yara na birnin Denver a 1994, cikin yara 269 da aka gano babban da ya ci zarafinsu, biyu ne kawai aka san mai laifin da neman jinsinsa. A kashi 82 cikin 100, mai laifin miji ne ko saurayi ko matar wani makusancin yaron. Iyayen da suka zuba ido a kan baƙo mai tafiyar mata kaɗai suna iya barin ƙofa a buɗe ga wanda ke cikin gida.

Tana canzawa?

Wani lokaci tana motsawa da kanta, musamman a mata. Lisa Diamond ta bi 'yan mata kusan 80 tsawon shekara goma, ta ga kusan biyu bisa uku sun sauya sunan da suke kiran kansu aƙalla sau ɗaya. Amma matan ba su ce su suka yanke shawarar sauyin ba. Samun kansu suka yi a ciki.

Juya ta da gangan kuwa, an gwada iya gwaji. An yi amfani da wutar lantarki da magungunan sa amai. A 1952 kotun Ingila ta sa Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zaɓi kurkuku ko allurar sinadarin mata. Ya zaɓi allurar, ya mutu a 1954. A 2003 Robert Spitzer, babban likitan ƙwaƙwalwa, ya fitar da hirar da ya yi ta waya da mutane 200 da suka ce sun canza. A 2012 ya janye fassararsa ya nemi afuwa, ya ce babu yadda za a tabbatar da abin da suka faɗa. Exodus International, babbar ƙungiyar Kiristoci da ta shafe shekaru sama da 30 tana wannan aiki, ta rufe a 2013, bayan shugabanta Alan Chambers ya ce kashi 99.9 cikin 100 na waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta juya ba. Abin da mutane da yawa suka shaida suna iyawa shi ne kame kai daga aikin saboda imaninsu. Wannan gaskiya ne, kuma daban yake da gushewar sha'awar.

Inda kimiyya ta tsaya

Sanin dalilin abu bai faɗa maka hukuncinsa ba, kuma ɓangarorin biyu suna mantawa da wannan. Mai cewa dabbobi ma suna yi, don haka daidai ne, ya manta dabbobi suna cinye 'ya'yansu. Mai cewa ko dabba ba ta yi, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Saurin fushi yana da kason gado, bai zama lasisin duka ba. Haka kuma kasancewar abu ba gado ba bai mai da shi laifi ba. Halal da haram, da abin da doka za ta hana ko ta bari, daga addini da tunanin ɗa'a da shawarar al'umma suke fitowa. Shi ya sa duniya ta rabu: ƙasashe sama da 60 suna hukunta aikin, sama da 30 kuma sun amince da auren, tun daga Holan a 2001.

Jumhurun malaman Musulunci, da Cocin Katolika, da Yahudawa masu riƙo da gargajiya, sun haramta aikin, wasu coci-coci kuma sun sauya matsayi. Amma su masu haramtawar sun daɗe da raba abin da ke zuciya da abin da gaɓɓai suka aikata. Hadisi ingantacce ya zo da ma'anar cewa an yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu muddin ba su aikata ko sun furta ba. Don haka mai addini ba ya buƙatar ƙaryata binciken tagwaye kafin ya riƙe aƙidarsa.

Abin da ya shafi gida

Uwar da ke kwana tana tuhumar kanta, tana cewa ina na yi kuskure albasa ba ta yi halin ruwa ba, ya kamata ta san cewa binciken shekaru bai nuna renonta ne sanadi ba. Dangin da ke ganin aure ne magani, su tuna akwai 'yar mutane a ciki, wadda za a kai ta gidan da ba a gaya mata gaskiyarsa ba, ta shekara tana zaton ita ce ba ta isa ba. Inda tsoro ya yi yawa kuma mutane sukan guje wa asibiti da gwajin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, cutar ta bi ta kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Duka da kora su ne suka fi komai ɓarna. A wani bincike da Caitlin Ryan ta jagoranta a Kalifoniya, wanda ya fito a 2009, an tambayi matasa 224 yadda iyalansu suka yi da su lokacin da abin ya bayyana. Waɗanda aka fi tsangwama, da zagi da duka da warewa, sun ninka waɗanda ba a tsangwama ba ko aka tsangwama kaɗan fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kansu, kusan sau shida wajen matsanancin ciwon damuwa, fiye da sau uku wajen shan ƙwaya. A iyalan da tsangwamar ta kasance matsakaiciya, haɗarin ya sauko sosai. Ryan ta ci gaba da aiki da iyalai masu tsananin riƙo da addini, ba ta nemi su sauya aƙida ba; abin da ta nema su bari shi ne dukan, da zagin, da hana yaron zama cikin 'yan'uwansa.